Taraktar da Aka Ce Ƙishirwa Ta Kashe

A shekarar 1962 na fara sanin Sama'ila ɗan Maiwada, a bakin sikelin auduga na Makarfi. Ni Auwalu, a lokacin sabon malamin gona ne, ban daɗe da barin makarantar mishan ta Wusasa ba, ina yawo da gajeren wando da doguwar safa, ƙauyukan da ke tsakanin Ikara da Paki suna hannuna. Ya zo ya gaishe ni, ya ce in ara masa kekena zai kai saƙo Kudan ya dawo. Ban san shi ba, amma mai sikeli ya ce in ba shi, ba komai. Da la'asar sakaliya ya dawo da keken a wanke, sarƙa ta sha mai, birkin da ya daɗe yana kuka ya yi shiru.

"Malam," ya ce, "keken nan maraya ne?"

Na ce me ya gani.

"Na ga kamar ba shi da kowa."

Mutumin Unguwar Gambo ne, wani ɗan ƙauye kusa da Paki. Ya yi shekaru yana bin motar ɗaukar gyaɗa tsakanin Zariya da Kano har ya iya tuƙi, sannan ya dawo gida da mahaifiyarsa ta rasu, don kada tsohonsa ya zauna shi kaɗai. Siriri ne, ya ɗan haura talatin, ba shi da yawan magana. Matarsa Lantana takan ce in kana son ka ji bakinsa, ka ajiye wuƙa mai tsatsa a gabansa.

Mahaifinsa, Baba Maiwada, yana cikin waɗanda suka fara huɗa da shanu a yankin tun zamanin Turawa. Yana da bijimai biyu, Jatau da Duna. Ba ya karya kumallo sai sun ci. Da hannunsa yake cire musu kaska, shi yake hawa ya sauko musu da harawa, duk Juma'a kuma ya jiƙa kanwa a babbar ƙwarya ya ba su, kamar yadda kowane mai dabba na kirki yake yi don ta wanke ciki ta ƙara ƙarfi. In na je ƙauyen, kafin mu gama gaisawa sai ya ja ni turke.

"Malamin gona, duba min ƙugun Duna. A littafinku akwai irinsa?"

A 1964 ƙungiyar manoman ƙauyen ta yanke shawarar sayen ƙaramar tarakta. Hukuma za ta ɗauki wani kaso, sauran sai dai manoma su haɗa. Abin da aka samu a auduga bai kai ba, don haka masu shanun huɗa suka ce za su sayar, tunda ga abin da zai yi aikin shanun duka a kwana kaɗan. Tanko, ɗan kawun Sama'ila, ya sayar da nasa. Uwaliya, wata gwauruwa mai 'ya'ya ƙanana, ta sayar da bijiman da mijinta ya bar mata. Wasu gidaje ma suka bi. Da aka ce Sama'ila ne zai riƙe taraktar, Baba Maiwada ya ce ba za a ce gidan direba ne ya ja baya ba. Bai je kasuwa ba ranar. Ya kwance igiyoyin da kansa, ya miƙa wa Tanko, ya shiga ɗaki.

Taraktar ta iso kafin ruwan farko, 'yar ƙarama, toka-toka, da garmarta mai baki biyu. Mata suka yi guɗa. An haɗo ta da littafin kulawa na Turanci, sai ya zama ni ne mai karantawa. Mukan zauna gindin tsamiyar ƙofar gidansu ina fassarawa, shi kuma yana maimaitawa kamar mai hadda. Har yau ina iya jero su da muryarsa.

Kafin a tayar da ita da safe, a zaro sandar awon baƙin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa a duba. Sabon inji yana zubar da ɗan garin ƙarfe, don haka man farko ba ya daɗewa, a canza shi da wuri, kuma kada a ɗora mata aiki mai nauyi sai ta saba. Man gas a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, domin tankin da ya kwana rabi yana yin gumi daga ciki, ruwa ya shiga mai. Kwanon da ke tace iska a wanke shi a sake masa mai in an yi aiki a busasshiyar ƙasa. Giris a kowace gaɓa har sai tsohon ya fito. A bi notuna da sufana, musamman na taya. In ta yi aiki ta yi zafi, kada a kashe ta nan take, a bar ta ta numfasa. Kada ta wuni a rana ko ta kwana a ruwa. Lagireto kuma, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji, ba a zuba masa komai sai tsabtataccen ruwa, in da hali na sama.

Bai bar ko ɗaya ba. Ya kafa mata rumfa ta azara da zana a inda turken shanun yake a dā. Ya lulluɓe wayoyinta saboda ɓeraye, ya kifa gwangwani a bakin salansa. Ba ya yarda a hau masa bayanta don zuwa biki, ko da kuwa ɗan dagaci ne. Tanko, da yake abokin wasansa ne, yakan leƙo rumfar ya ce, "Ango, amarya ta tashi lafiya? Lantana, ki yi haƙuri, an yi miki ta ƙarfe!"

"Ita ba ta cin tuwona," in ji Lantana daga cikin gida. "Kai ne kake ci."

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Baba Maiwada. Ya saba tashi da aikin dabba, yanzu ya tashi ba abin yi. Yakan zauna a bakin rumfar yana kallon ɗansa yana goge-goge, hannuwansa a kan gwiwa. Ya fara rama. Sama'ila ya lura, sai wata safiya ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, aikin nan ya yi min yawa. Ko za ku karɓi shayar da ita? Ga durom na ruwan sama. Ni ban iya lura da shan dabba kamar ku ba."

Tsohon ya yi kamar ba ya so, ya ce to, tunda an matsa. Daga ranar ya miƙe. Kafin rana ta fito ya buɗe murfin lagireto, ya cika, ya rufe, ya shafa mata wuya. Karsana yake ce mata. Ɗansa kuwa Direba yake kiransa, ko a masallaci, da ƙarfi yadda kowa zai ji. Sama'ila kuma, da yake ya ba mahaifinsa aikin, bai ƙara taɓa murfin nan ba. A ganinsa, ɗa ya buɗe abin da uba ya rufe don ya duba ko an yi daidai, rashin kunya ne. Yana duba komai na jikin taraktar kullum, ban da wannan.

Damina biyu ta yi aiki ba ko tari. Gonar da take cin mako ana huɗa sai ta ƙare kafin azahar. Uwaliya ta noma dawar da ta kai ta wata kaka. Har daga Ikara ake zuwa kallo.

A farkon daminar 1966 allurar da ke nuna zafin inji ta fara hawa. Sama'ila ya share ƙaiƙayin da ya toshe fuskar lagireto, ya ɗaure fanbel, ya rage mata aiki da tsakar rana. Ya tambayi tsohon a kaikaice ko karsana tana shan ruwa sosai, tsohon ya ce har baki. Ya aiko mini cewa a nemo bakanike, amma ruwa ya riga ya sauka, kowa yana jiran layinsa, ana binsa har gida. Ya ci gaba a hankali. Ranar wata Talata, a tsakiyar gonar Tanko, ta yi wata irin ƙara, tururi ya turnuƙe, ta tsaya. Ba ta sake tashi ba.

Na je Zariya na taho da wani bakanike, Malam Inuwa. Mu uku ne a gonar, ni da shi da Sama'ila, lokacin da ya kwance lagireton. Ya leƙa, ya sa sukundireba ya ƙwaƙulo wani farin abu mai tauri haɗe da yashi. Hanyoyin ruwan duk sun toshe, famfon ya cinye, kan injin ya tsage. Ya murza abin a yatsa, ya ɗora a harshe, ya tofar.

"Kai, wa yake yi wa injin nan miyar kuka? Wannan ai kanwa ce."

Na fara dariya, sai na ga fuskar Sama'ila. Ya zauna a kan kunya.

"Duk Juma'a," ya ce a hankali. "Wayyo Baba."

Malam Inuwa bai gane ba, na yi masa bayani a taƙaice. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Malam Inuwa, Malam Auwalu," in ji Sama'ila, "ina roƙonku don Allah. Kalmar nan ta tsaya a gonar nan."

Na ce, "To me za ka gaya wa mutane? Sun sayar da shanunsu."

"Zan ce tiyo ne ya tsage, ruwa ya zube, allura ta nuna ban kula ba."

"Kai? Wa zai yarda kai ba ka kula ba?"

"Za su yarda. Ransu a ɓace yake."

"Ɗan'uwa," Malam Inuwa ya ce, "ka san abin da kake ɗauka kuwa? Direban da aka ce ya ƙona inji, ko amalanke ba za a sake ba shi ba."

"Na sani. Amma tsohon nan ya rabu da Jatau da Duna saboda ni. In je in ce masa da hannunsa ya kashe abin da aka saya da su? A kasuwa a riƙa nuna shi ana dariya? Ba zai kai kaka ba. Ni kuma da na buɗe murfin nan ko sau ɗaya, da na gani. Ashe ba ƙarya ce duka ba."

Muka yi masa alkawari.

An taru a ƙofar gidan dagaci bayan la'asar. Sama'ila ya cire takalmi, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya shirya, bai ƙara ba bai rage ba. Aka juyo wurin Malam Inuwa, ya ce zafi ne ya fasa injin, ya tsaya nan. Wuri ya kaure. Tanko ya miƙe, ba wasa a fuskarsa ranar.

"Ka hana mu hawa, ka hana mu taɓawa, kullum goge-goge kamar mai kwalliya, ashe idonka ba ya kan abin da ya kamata! Yanzu da me zan yi huɗa? Da haƙorina?"

Uwaliya ba ta zo ba, ta aiko a ce ita dai Allah ya isar wa marayu. Baba Maiwada yana zaune a gefe, bai ɗago kai ba har aka watse.

Na raka su gida. A bakin rumfar da ta zama wayam tsohon ya tsaya, ya juyo.

"Sama'ila."

Tun da taraktar ta zo ban ji ya kira shi da wannan sunan ba.

"Na'am, Baba."

"A gidan nan, tun kan kakanka, an yi asarar dabba da ciwo, an yi da maciji, an yi da ɓarayi. Ba a taɓa yi da ƙishirwa ba sai a hannunka. Ni na sauke nawa. Malamin gona shaida ne, ba safiyar da ban cika ta ba. Ko kanwa ban taɓa hana ta ba, duk Juma'a, mai kyau, ta Barno, da kuɗin gorona."

Sama'ila yana durƙushe, idonsa a ƙasa.

"Gaskiya ne, Baba. Kun yi ƙoƙari. Ku yi haƙuri."

An rubuta neman sabon kan inji da lagireto daga Ikko. Shekarar ce ƙasa ta rikice, daga baya yaƙi ya ɓarke. Kayan ba su zo ba. Aka jawo taraktar da igiya aka mayar da ita rumfa. Sama'ila ya ɗora ta a kan itace don kada tayoyi su ruɓe, ya cire batir, ya ci gaba da juya injin da hannu yana ɗiga mai, ko Allah zai sa kayan su iso. Bayan wasu shekaru hukuma ta aiko aka ɗauke ta don a ciri abin da zai yi amfani a wata taraktar.

A kasuwar Paki suka sa masa suna Kashe-ƙarfe. Masu gyaran keke sukan ce, "A ɓoye famfo, ga Kashe-ƙarfe nan." Yakan yi murmushi ya wuce. Ba wanda ya sake ba shi ko sitiyarin mota. Lantana ma ba ta sani ba. Ta taɓa tare ni a zaure ta ce, "Malam, mutumin da yake wanke min allurar ɗinki, shi ne zai ga allurar zafi ya ƙyale? Ni dai ban gane ba." Na ce ƙaddara ce. Ta dube ni, ta koma ciki.

Baba Maiwada ya rasu a 1968, bayan gajeriyar jinya. Ina wurin da rana lokacin da ya sa aka kira ɗansa. Muryarsa ta dushe.

"Maganar karsana," ya ce. "Na yafe maka. Kuskure na ɗan Adam ne. Amma in Allah ya sake ba ka amanar wani abu, ka riƙa dubawa."

"To, Baba. Na gode."

Bayan sadakar arba'in na same shi na ce yanzu kam ai zai iya wanke kansa, wanda ake gudun ya ji ya tafi. Ya girgiza kai.

"Yana raye ban bari an yi masa dariya ba, sai yanzu da ba zai iya cewa komai ba? A bar shi ya kwanta a matsayin mai iya kiwo. Ai ya iya."

Ban sake tayar da maganar ba. Ina rubuta ta yanzu ne domin duk waɗanda za su yi dariyar sun riga mu gidan gaskiya, kuma jikokin Sama'ila suna jin sunan Kashe-ƙarfe ba su san mafarinsa ba.

Akwai abin da ban fahimta ba sai daga baya. Washegarin taron ƙofar dagaci, Tanko ya je gonarsa ya tarar da Sama'ila da galma yana ta da kunya daga inda taraktar ta tsaya. Da ya gama nan ya koma gonar Uwaliya, daga nan wata. Tasa gonar ita ce ta ƙarshe, shukar ta makara, shekarar Lantana ta sayar da tasoshinta kafin kaka. Mutane suka ce kunya ce, za ta wuce. Damina ta gaba ya sake fitowa. Ba gayya aka kira ba, ba kiɗa, ba fura. In an kawo masa abinci yakan ce ya ƙoshi, ruwa kawai yake karɓa. In an ce ya bari haka nan, sai ya ce hanya ce ta biyo da shi.

Galma ba abin wasa ba ce ga mutum siriri. Na ga bayansa yana lanƙwashewa shekara bayan shekara. Da Tanko ya samu ya sayi bijimai, Sama'ila ya zo ya duba haƙoransu, ya yi masa barka, daga shekarar bai ƙara shiga gonarsa ba. Tanko ya ɗauka fushi ne, har ya aika masa da goro. Sai da hakan ta faru da gida na biyu da na uku na gane lissafin da yake yi a ransa. Gidajen da suka sayar da shanu saboda taraktar kawai yake bi, kuma ba ya barin gida sai ranar da shanu suka dawo turkensa.

Uwaliya ce ta rage. Farin 1973 ya cinye ɗan abin da 'ya'yanta suka tara, sai da aka sake farawa. A 1976 babban ɗanta ya dawo daga aikin rake a Makarfi da 'yan bijimai biyu, ba su gama girma ba amma suna ja. Ranar da aka fara ɗaura musu garma na je gonar a matsayina na malamin gona. Na tarar da Sama'ila a bakin iyaka da galmarsa a kafaɗa, gashinsa ya yi fari, yana tari. Ya tsaya yana kallo har suka kai ƙarshen kunya suka juyo.

Uwaliya, wadda ta yi shekara goma ba ta ce masa komai ba ban da gaisuwa, ta zo ta tsuguna nesa kaɗan.

"Malam Sama'ila, yau kam sai ka sha furata."

Ya ajiye galmar a ƙasa, ya zauna, ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Ya sha sosai. Sannan ya ce wa ɗanta karkiyar ta ɗan matse wa na hagu wuya, a sassauta.

Bai ga wata daminar ba. Ya rasu da bazara, aka binne shi kusa da mahaifinsa.